Neman fim mai sauƙin kuɗi don koyon hoton wanki a Katsina

Abdul Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Akwai kyamara Yashica FX-3 da kawuna ya ba ni, an duba ta, komai nata lafiya lau. Fim ne ya gagara. Na bi situdiyo-situdiyo tun daga IBB Way har Babbar Kasuwa, amsar ɗaya ce, wai yanzu wa yake maganar fim. A intanet kuwa naɗi ɗaya na Kodak Gold, in aka haɗa da kuɗin aiko shi daga Legas, ya fi ƙarfin ɗalibi. Hoto 36 ne kawai, ba a ma zo kan wanki ba. Ni koyo nake son yi, ba aikin biki ba. Wani mai shago ya ce yana da ragowar Konica a kwali, zai bar mini a kuɗi kaɗan. In saya, ko akwai wata hanya?

Nura Sabon Layi:
Wa alaikumus salam. Tsakani da Allah, Abdul, in koyo ne wayarka ta ishe ka. Ko ka nemi ƙaramar dijital ta hannu, ka yi ta ɗauka dubu-dubu ba ko kwabo. Me ya yi zafi?

Baba Lawal Mai Hoto:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kar ka sayi Konica ɗin nan don koyo. Kamfanin Konica Minolta ya sanar da barin harkar hoto tun 2006, zuwa 2007 sun daina yin fim. To lissafa shekarun da wanga kwali ya yi. Kuma ba cikin firji ya yi su ba, cikin shago mai rufin kwano ya yi su, bazara bayan bazara, ga watan Afrilu na Katsina da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Fim ba sai an buɗe shi yake lalacewa ba. Zafi na cin shi cikin kwansonshi, ya yi hazo, ƙarfin kamun haskenshi ya ragu, kala ta karkata, fuskar mutum ta fito shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda.

Abin da ya fi damuna ba asarar kuɗin ba ce. Mai koyo yana son in hoto ya ɓaci ya san mi ya ɓata shi. In ka ɗauka da mataccen fim ya fito duhu, hannunka ne, kyamara ce, maganin wanki ne, ko fim ɗin? Ba ka da yadda za ka sani. Sai ka gama naɗi goma ba ka koyi komai ba, ka ce kyamarar kawunka ce ba ta da kyau. Araha ba ta ado.

Zainab Dutsin Safe:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma na ga mutane da yawa suna neman fim ɗin da kwanansa ya ƙare da gangan, suna son irin kalar da yake bayarwa. Ana cewa duk shekara 10 da ya wuce sai ka ninka masa haske sau ɗaya, shi ke nan.

Baba Lawal Mai Hoto:
Ɗiyata, gaskiya ne ana yin haka. Mai lamba 200, wato lambar ƙarfin kamun haskenshi, da ya shekara 10 sai a ɗauke shi a matsayin 100. Amma wanga lissafi na fim ɗin da aka ajiye wuri mai sanyi ne. Kuma masu yin haka sun riga sun iya, wasa suke da kala. In Abdul yana so ya sayi guda ɗaya, guda ɗaya tak, ya gwada ya gani kafin ya kwashi sauran, ban hana ba. Da baƙi da fari ne mai ƙaramar lamba da sauƙi, shi yana daɗewa. Mai kala ne, da mai babbar lamba irin 400 da 800, ke saurin mutuwa.

Injiniya Mustafa:
Salam jama'a. Bari in fara da dalilin tsadar, don kar mu ɗauka masu sayarwa ne kawai suke zalunci. Fim da azurfa ake yin sa, ita ce ke kama haske. Da dijital ta zo kamfanoni suka yi ta rufewa, Kodak kanta ta shigar da takardar durƙushewa a 2012, Fujifilm ta yi ta rage kala-kalar fim ɗinta, ta daina Pro 400H a 2021. Sai kuma matasa a Amurka da Turai da Japan suka dawo wa fim, masu nema suka yi yawa, masana'antun ba su ƙaru ba. Wannan a can ke nan. A nan kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Duk abin da ake sayowa da dala ya ninka, fim bai fita daban ba.

To mafita. Abdul, ka cire mai kala daga lissafinka tukuna. Abin da kake buƙata sabon fim baƙi da fari, kuma ba naɗi-naɗi za ka saya ba, gwangwani za ka saya. Ana sayar da fim ɗin 35, wato mai faɗin milimita 35, a dunƙule, mita 30 da rabi cikin gwangwani ɗaya, kai za ka yanka ka zuba a kwanso. Gwangwani guda yana ba da naɗi kamar 18 masu hoto 36. Masu sauƙin kuɗi da na sani akwai Fomapan na ƙasar Cek, da Kentmere na Ingila wanda kamfanin da ke yin Ilford ne yake yin sa. Duk biyun sabbi ne, ana yin su yanzu haka, kwanansu na gaba. In ka raba kuɗin gwangwani gida 18 za ka ga kowane naɗi ya faɗo ƙasa da na kwali, kuma kuɗin aike sau ɗaya za ka biya maimakon sau 18. A wurinmu nan kuɗin aiken shi ne ke kashe mutum.

Abdul Ƙofar Marusa:
Na gode Injiniya. Sai dai wanda naɗi ɗaya ya gagara, ina zai ga kuɗin gwangwani? Kuma ba sai da inji ake zuba shi a kwanson ba?

Injiniya Mustafa:
Ba kai kaɗai za ka saya ba. Karo-karo za a yi. Mutum 6, kowa naɗi 3.

Baba Lawal Mai Hoto:
Maganar inji kuma bar ta. Akwai shi, ɗan akwati ne na roba mai hannun juyawa, in an samu madalla. Mu dai ba da shi muka saba ba. Ɗaki ake samu da dare, a toshe ƙasan ƙofa da taga, a zauna minti biyar, in ka ɗaga hannunka ba ka gan shi ba to ɗakin ya yi. Sai ka jawo fim ka auna gaba guda, daga yatsan hannu zuwa yatsan hannu. Gaban babban mutum kamar mita ɗaya da rabi da 'yan kai ne, shi ne tsawon hoto 36. Ka yanke, ka maida sauran cikin baƙar ledarshi, ka rufe gwangwani tun kafin ka yi komai. Sa'an nan ka liƙa bakin wanda ka yanka da ɗan harshen da ya rage jikin tsohon kwanso da salatif, gaba da baya, ka juya ya shige ciki. Ka riƙe fim ta gefe-gefe, kar gumin yatsa ya taɓa cikinshi.

Kwanso kuwa ina da su cikin buhu tun lokacin da muke kai wanki Kano. Abu ɗaya za a kiyaye: bakin kwanso akwai ɗan baƙin ƙyalle mai laushi inda fim ke fita. In ƙwayar rairayi ɗaya ta maƙale a nan, za ta ja layi tun daga hoto na farko har na ƙarshe. Garinmu kuwa garin ƙura ne. A goge shi da salatif kafin a zuba.

Nura Sabon Layi:
Kun ga abin da nake faɗa? Ɗakin duhu, gwangwani, kwanso, karo-karo. Duk don hoton da waya za ta ɗauka cikin ƙiftawar ido. Ba raini ba ne Baba, ina tausayin aljihun yaron ne.

Anti Rabi Daura:
Malam Nura, tausayin na da kyau, amma bai ce ku zaɓa masa tsakanin waya da fim ba, ya riga ya zaɓa. Ni Pentax K1000 gare ni, kuma ina ɗauka da waya kullum don tallar kayana. Aiki biyu ne daban. Da waya sai in ɗauki ashirin in zaɓi ɗaya, ban san me ya sa ɗayan ya fi ba. Da fim kuwa kafin in danna sai na tsaya na duba ina rana take, ina inuwa ta faɗi. Kuma ku duba gidajenmu. Hotunan auren iyayenmu suna nan cikin akwati, wasu har da nagatif ɗinsu. Hotunan sunan yaran da aka haifa shekara goma da suka wuce fa? Da yawa sun tafi da wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace. Hotunan Sarki Dikko da muke gani yau, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, daga nagatif suka fito, na gilashi ko na fim.

Ina cikin karo-karon, a rubuta ni.

Nura Sabon Layi:
Na ji Anti. Maganar ɓatan hotunan waya kam gaskiya ce. Amma ko a nan waya za ta rage muku kashe kuɗi. Akwai manhajojin auna haske kyauta, in batirin ma'aunin kyamarar ya mutu. Sannan ba dole sai an buga kowane hoto a takarda ba. A ɗora nagatif a kan farin haske, a ɗan ɗaga shi sama da fuskar wata wayar don kar ɗige-ɗigenta su fito, a ɗauka, a juya baƙi ya koma fari. Wanda ya yi kyau shi kaɗai za a kai bugu.

Injiniya Mustafa:
Wannan shawara ce mai kyau ƙwarai, Nura. Kuma ta kawo mu kan wanki, wanda shi ne rabin lissafin. Fim mai araha da za ka aika wani gari a wanke a dawo maka da shi bai zama mai araha ba. Baƙi da fari a gida ake wanke shi: ɗan tanki mai murfin da haske ba ya shiga, maganin fito da hoto, fiksa mai tsayar da hoton, ma'aunin zafi, agogo. Duhu lokacin sa fim a tanki kawai ake buƙatarsa, sauran a tsakar gida ma sai a yi.

Zainab Dutsin Safe:
Ni fa har yanzu zuciyata na kan mai kala. Ku tuna hawan Sallah. Dogarai da ja da kore, lifidi, rawuna, alkyabbu, laimar Sarki ta fito daga Ƙofar Soro. A ce duk wannan a baƙi da fari? Ai an zubar da rabin abin.

Anti Rabi Daura:
Ƙanwata, ba wanda ya ce ki haƙura da kala har abada. Ni ma Hawan Magajiya a nan Daura da mai kala nake son ɗaukarsa. Abin da ake cewa, kar ki yi koyo da shi. Ki gyara hannunki da mai araha wata da watanni, in Sallah ta matso ki sayi naɗi ɗaya na ColorPlus 200, yana cikin masu sauƙin kuɗi a na Kodak, ki shiga fili kin san abin da kike yi. Hawan nan ba a maimaita shi don hotonki ya ƙone. Kuma kafin ki saya, ki fara tabbatar da inda za a wanke miki, wurin da injin C-41 ɗinsu, na wankin mai kala, yake aiki kuma maganinsu sabo ne.

Alhaji Sagir:
Salamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Ina zuwa Guwanzu sayen kaya, kuma Sin na yin fim nata, akwai Lucky akwai Shanghai GP3. Sannan na ga ana tallar masu kala da sunaye barkatai a kuɗi ƙasa da na Kodak. Waɗannan fa?

Baba Lawal Mai Hoto:
Alhaji barka da zuwa. Lucky ai mun yi aiki da shi da can, shi ne na talaka lokacin da Kodak da Fuji suka yi tsada.

Injiniya Mustafa:
Ranka ya daɗe, baƙi da farin na Sin ba laifi don koyo, in dai an duba kwanan da ke jikin kwalin. Masu kalan nan ne ake taka-tsantsan. Da yawansu fim ɗin silima ne, Kodak Vision3, ake sayen babban naɗi a yanka a sa musu sabon suna. Fim ne mai kyau sosai, amma irin wanda aka saba da shi bayansa akwai wani baƙin shafe da aka yi don injin ɗaukar silima, kuma wankinsa daban ne, ECN-2. In aka jefa shi a injin C-41 na situdiyo baƙin nan zai narke ya ɓata musu magani, ya ɓata fim ɗin sauran mutane. Don haka in ka ga ECN-2 a jiki, ko 250D, ko 500T, to shi ne, sai an tambayi mai wanki ko yana karɓa. Mai T ɗin ma don hasken ƙwan lantarki aka yi shi, in aka ɗauka da rana ba tare da gilashin gyara kala ba komai sai ya yi shuɗi.

Abin da ya fi muhimmanci in kai za ka riƙo mana shi ne filin jirgi. Kar fim ya shiga jakar da ake aunawa a sa cikin jirgi, injin da ke duba waɗannan yana da ƙarfi. A jakar hannu zai zauna. Tsofaffin injinan jakar hannu ba su cika cutar da fim mai ƙaramar lamba ba, amma sababbin nan na CT wucewa ɗaya tana iya yi masa hazo. Sai a roƙi jami'i ya duba da hannu. Kuma ko me za a yi, kar a bari a buɗe gwangwanin a fitar da abin da ke cikin baƙar ledar a haske. In aka yi haka kuɗin mutum 6 ya ƙone nan take.

Alhaji Sagir:
To wannan na gwangwanin yana da ɗan haɗari, don wani jami'in in ya ga ƙarfe a rufe sai ya ce a buɗe. Zan bar shi cikin kwalinsa na kamfani da rasiɗi a jiki, hakan ya fi sauƙin bayani. Ku dai rubuto mini sunan abin da kuke so daidai, harafi da harafi.

Malam Hamisu Kofar Kaura:
Ni aikina ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti, bari in sa baki. Fim ɗin da muke aiki da shi kafin injinan dijital su yawaita shi ma fim ne na azurfa, kuma har yanzu masu sayar da kayan asibiti suna kawo shi, da maganin wankinsa da fiksa. In aka auna da faɗi, babu fim ɗin da ya kai shi araha. Sai dai ba zai shiga Yashica ba, falle-falle ne manya, ba shi da ramukan gefe. Amfaninsa ga wanda zai haɗa kyamarar akwati, ko ta gwangwanin madara mai hujin allura, a yanka shi daidai a sa. Ba ya ganin jan haske, don haka ana iya yanka shi a wanke shi ƙarƙashin jan ƙwai mai rauni, kana kallon hoto yana fitowa. Ga mai koyo wannan makaranta ce babba. Aibinsa biyu: shafen maganin gaba da baya ne, yana jiƙewa ko farce ya taɓa shi sai ya karce. Sannan tunda ba ya ganin ja, duk abin da yake ja baƙi zai fito. Zainab, da za ki ɗauki dogari da shi, jan rigarsa baƙi ƙirin zai zama.

Fiksarmu kuwa tana yi wa fim ɗin kyamara aiki in an sirka ta da ruwa, kuma ita ce mafi sauƙin samu a nan.

Baba Lawal Mai Hoto:
Malam Hamisu ya tuna mani da masu hoton fasfo na bakin kotu da gidan waya, masu akwatin katako da baƙin ƙyalle. Su ko fim ba su sawa. Takardar hoto suke sawa ta zama nagatif, su wanke cikin akwatin, su sake ɗaukar nagatif ɗin ya dawo daidai. Takarda ba ta da saurin kamun haske, shi ya sa ake ce ma mutum kar ya motsa.

Zainab Dutsin Safe:
Malam Hamisu, na ga ana kiran fiksa haifo. Ko Hypo ɗin nan na wankin farin kaya ne?

Malam Hamisu Kofar Kaura:
A'a, don Allah kar ki kuskura! Na wankin kaya bilic ne, zai cinye hoton ya bar miki roba zalla, kuma in ya haɗu da fiksa ko wani abu mai tsami yana tada iska mai guba. Na hoto sunansa sodiyam tayosalfet, wasu ƙwayoyi ne farare kamar gishiri mai manyan ido. Gwajin fiksa kuma ba wuya: yanki ɗan harshen fim ki jefa a ciki, ki ga minti nawa zai yi ya zama garau. Ninkin wannan lokacin shi za ki ba fim ɗinki. Ranar da lokacin ya ninka na farko, ta gaji, a canza. Tsohuwar fiksa tana ɗauke da azurfa, kar a zubar da ita kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Anti Rabi Daura:
Maganin fito da hoton kuma, in bai samu ba, ana haɗa shi da kofi. Ba zance ba ne, ina yi. A lita ɗaya ta ruwa: soda ash giram 54, bitamin C giram 16, garin kofi irin su Nescafé giram 40. Sodar za a fara narkarwa, sai bitamin, kofi a ƙarshe. Kamar minti 15 in ruwan yana digiri 20. Soda ash ɗin ita ce wadda muke saye wurin masu kayan haɗa sabulun ruwa, ba tsada. A kula, ba kostik soda ba, wannan tana ƙona hannu kuma za ta saɓule fim ɗin. Wari dai akwai shi, a waje ake haɗawa.

Nura Sabon Layi:
Kanwa ba za ta yi a madadin sodar ba? Ai dangi ne.

Anti Rabi Daura:
Dangi ne, amma kowace kanwa da ƙarfinta, ta yau daban ta gobe daban, ga ƙasa da yashi a ciki. Sai mu koma kan maganar Baba, hoto ya ɓaci ba a san dalili ba.

Injiniya Mustafa:
Anti, ina girmama haɗin kofin nan, amma in araha ake nema lissafi bai goyi bayansa ba. Tankin naɗi ɗaya yana cin ruwa kamar mililita 300, wato kofi giram 12 da bitamin C kusan giram 5 duk wanki. In ƙwayoyin nan masu miligiram 100 za a daka, kusan 50 ke nan. Ki kwatanta da Rodinal, tsohon magani ne tun 1891. Ana sirka kashi 1 da ruwa kashi 50, naɗi ɗaya mililita 6 zai ci, a ja da sirinji. Kwalbar rabin lita za ta wanke sama da naɗi 80, kuma tana shekaru ba ta mutu ba ko ta yi baƙi. Wani maganin kuma, D-76, gari ne, ya fi sauƙin riƙowa a jirgi tunda ba ruwa ba ne, amma in an kwaɓa shi wata 6 yake yi a cikakkiyar kwalba, in ta yi rabi wata 2, a zafinmu ma ƙila bai kai ba.

Anti Rabi Daura:
Lissafinka daidai ne Injiniya, ban musa ba. Sai dai Rodinal sai an jira wani ya kawo, kofi da soda kuwa yau in na fita kasuwar Daura zan dawo da su. Kwalbar ta zo mu raba, kafin nan ba zan zauna jira ba.

Baba Lawal Mai Hoto:
Duk wanda kuka ɗauka cikin biyun, ku tsaya kanshi har gwangwanin ya ƙare. Fim ɗaya, magani ɗaya, da ɗan littafi a aljihu ana rubuta lambar kowane hoto da yadda aka saita.

Abin da ba ku taɓo ba shi ne zafin ruwa, kuma nan ne Katsina ke kada mutane. Lokutan da ke jikin kwali na ruwa mai digiri 20 ne. Ruwan tankin sama da rana ya wuce 30 nesa. Da shi hoto zai fito da gaggawa, ya yi kauri, fari ya toshe. Ruwan randa za ku ɗiba da sassafe, in bai sauko ba a sa ƙanƙara cikin leda a tsoma har ma'auni ya nuna. In ya tsaya 23 ko 24 ba laifi, a rage lokaci, kamar kashi ɗaya cikin goma duk digiri guda, amma kar wanki ya gaza minti 5. Kuma maganin, da fiksa, da ruwan ɗauraya, zafinsu ya zo kusa da juna, in ba haka ba fuskar fim ta yamutse. Da hunturu, Disamba da Janairu, ruwan safe da kanshi yake zuwa daidai, sai dai lokacin ne ƙura ta fi yawa. A shanya a banɗaki, a yayyafa ruwa ƙasa, a rufe ƙofa, kar kowa ya shiga sai ya bushe.

Abdul Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri Baba. Tambaya biyu suka rage mini. Mai lamba 100 za mu saya ko 400? Sannan ajiya, tunda wuta ba ta zama.

Zainab Dutsin Safe:
400 mana, saboda sukuwar dawaki.

Injiniya Mustafa:
100 dai. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Da tsakar rana mai lamba 100 ƙofar haske a kan 16 ne, sauri a kan 125, wato kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. In doki ne a guje, ki buɗe ƙofar zuwa 8 ki kai sauri 500, hasken ɗaya ne. Da 400 a ranar Katsina sai kyamarar ta ƙure, ba sauran wurin motsi. Ga shi 100 ya fi jure zafi da injin filin jirgi, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Ranar hazo a ƙara buɗe ƙofa mataki ɗaya ko biyu. 400 na cikin ɗaki ne da bayan la'asar sakaliya, wannan sai gwangwani na biyu.

Wanda yake son ninka ribar kuma, akwai kyamarori masu raba gurbin hoto biyu, tsohuwar Olympus Pen da Kodak Ektar H35 da ta fito a 2022. Naɗin 36 yana ba da 72. In an ci karo da Pen a kayan gwanjo kar a bar ta.

Anti Rabi Daura:
Ajiya ba sai da firji ba in za a cinye fim ɗin cikin 'yan watanni. Ɗaki mafi sanyi a gidan, can ƙasa, nesa da kwano da taga, ɗakin ƙasa ya fi na siminti. Kar a bar kyamara cikin mota ko but ɗin babur. Nawa firjin na sola ne, zan iya riƙe abin da ba a raba ba cikin roba mai murfi. Sharaɗi ɗaya, in an fito da shi a bar shi awa biyu ko uku kafin a buɗe, don kar raɓa ta kwanta a kansa.

Malam Hamisu Kofar Kaura:
A sa ni. Fiksa a kaina.

Zainab Dutsin Safe:
To na yarda da 100 ɗin, amma ColorPlus ɗina na Sallah yana nan. Ni ma ina ciki.

Injiniya Mustafa:
Abdul, Anti Rabi, Malam Hamisu, Zainab, da ni. Saura mutum ɗaya. Alhaji, zan turo maka sunayen ta waya: Fomapan 100 ko Kentmere 100, in babu sai Shanghai GP3, na 35, mita 30 da rabi, kwanansa ya kai aƙalla shekara ɗaya a gaba. Da tanki ɗaya mai ɗaukar naɗi biyu, mu riƙa karɓa-karɓa.

Nura Sabon Layi:
Akwai kyamara Zenit ta mahaifinmu a cikin adaka. Baba, in na kawo za ka duba mini ko tana aiki? In tana yi, ni ne na shidan.

Baba Lawal Mai Hoto:
Kawo ta bayan la'asar. Kar ka tilasta hannun janta in ya cije, kuma kar ka juya lambar sauri sai ka ja hannun tukuna, Zenit ba ta son haka. Abdul, kai ma zo da taka, mu haska bayanta da tocila mu ga ko soson ƙofar bai narke ba, don in haske na shiga ta nan ko sabon fim aka sa zai ƙone. Ku taho da salatif da almakashi, mu fara tace kwansunan kafin Alhaji ya dawo.